Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin kula da hanyoyi da 'yan kwangila: mai fentin titi ba shi da ido a ƙeya

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai fentin titi ne, shekarata 19 a kan kwalta. Na fara da jan igiya da ɗaukar buhun fenti, na kai ga riƙe injin, yau kuma ni ke jagorantar ayarin mutum takwas. Farin layin da direba ke bi da daddare idan ruwan sama ya rufe masa gilashi, da zanen tsallakawa a ƙofar makaranta, da kibiyar da ke nuna inda za a karya kwana, duk irinmu ne ke shimfiɗa su. Na rubuto muku ne domin ku ke tsara takardar kwangila, ku ke sa hannu, ku ke yanke ranar gama aiki. Mafi yawan abin da zai same mu a kan titi, a cikin wannan takarda ake ƙulla shi tun kafin mu ɗora tukunyar narka fenti a wuta.

Bari in fara da abin da ba a hangowa daga ofis. Mai tura injin fenti idonsa a ƙasa yake, kuma dole ne. Akwai ɗigo-ɗigon da muka riga muka sa da igiya da alli, tsinken da ke gaban injin kuma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. In ya ɗaga kai na daƙiƙa biyu layi ya karkace, gobe injiniya ya zo ya ce a kankare a sake. Kunnensa cike yake da ƙarar inji da hucin gas. Sau da yawa kuma inda motoci suka nufa nan shi ma ya nufa, wato ta bayansa suke zuwa. Wannan mutumin, da aiki ya ɗaure masa ido a ƙasa, ya toshe masa kunne, ya juya bayansa ga motoci, shi ake ce wa da safe: "Ka dai kula da kanka." Da me zai kula? Duk tsaron da aka jingina a kan faɗakarsa shi kaɗai, an jingina shi a inda babu bango.

Ni ganau ne a wannan magana. Shekara shida da suka wuce muna zana layin tsakiya a wata hanya mai hannu biyu, motoci na zuwa na komawa, mu muna tsaye a kan ɗan siririn da ya raba su. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba ba zai gane ba: idan tirela ta wuce, iskarta kan ture ka gefe, sannan ta jawo ka baya, rigarka na kaɗawa, ƙasa na rawa a tafin ƙafarka. Tun kafin mu fara na roƙi a rufe hannu ɗaya, a sa masu tuta a kowane ƙarshe suna sakin motoci bi da bi. Aka ce cunkoso zai yi yawa, kuma ranar miƙa hanya ta matso. Robobin tare hanya da aka ba mu, waɗanda ake jerawa don kore motoci, ba su kai rabin abin da tsawon wurin ke bukata ba, muka baza su nesa da juna. Akwai wani matashi a cikinmu, aikinsa ya bi bayan injin yana ajiye roba a kan ɗanyen layi. Wata ƙaramar mota da ta daɗe a bayan tirela ta gaji, ta leƙo don ta wuce. Direban bai ga allon gargaɗinmu ba, domin jikin tirelar ya tare masa komai. Abin da na fara ji ƙarar taya ce, sai wani sauti kamar an jefar da buhu. Da na waiwaya, robar da ke hannun yaron tana gangarawa ita kaɗai a kan kwalta, takalminsa ɗaya na kan layin da bai bushe ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Ya karye a ƙugu da cinya, ya yi watanni a kwance, har yau yana ɗingishi, aikin tsaye kuma ya fi ƙarfinsa. A takardar rahoto kalma ɗaya aka rubuta: tsautsayi. Na yarda da ƙaddara, ba na jayayya da ita. Amma na san da bakina na nemi a rufe hannun nan, na san dalilin da aka hana, na kuma san cewa ni ma da aka hana ban ce a sauke kaya a koma ba. Wannan kason nawa ne, ina ɗauke da shi. Naku kason shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Ku duba takardar kwangilar fenti kowace iri. Za ku ga an faɗi kaurin fentin da milimita, da faɗin layi, da tsawon kowane guntun layi da tazarar da ke tsakaninsu, da yawan ƙwayoyin gilashin da za a watsa a kai don ya riƙa ƙyalli idan fitila ta haska shi, da zafin da za a narka shi, da watannin da zai yi bai goge ba. Duk wannan daidai ne, ni ma ina alfahari da layi mai kyau. To amma idan aka zo kan mutumin da zai shimfiɗa shi, sai ka tarar da jimla ɗaya: ɗan kwangila zai ɗauki matakan kariya da suka dace. Babu adadi, babu ma'auni, babu kuɗin da aka ware. Abin da ba a ware masa kuɗi ba kuwa shi ake fara yankewa idan ana gasar wanda zai yi aiki da araha. Ɗan kwangilar da ya sa kuɗin motar kariya, wadda ke tare mana baya, da masu tuta a lissafinsa sai ya sha kaye a hannun wanda bai sa ba. Haka tsarin ke hukunta mai tsoron Allah.

Akwai wani tarihi da ke yawan faɗo mini a rai. Robar nan mai kama da mazurarin da aka kife, wadda muke ce wa kon, ɗan sana'armu ne ya ƙirƙiro ta: Charles Scanlon, mai fentin titi a birnin Los Angeles na Amurka, aka kuma ba shi takardar mallakar fasahar a 1943. Kafin nan da katako ake tare wurin aiki, motoci na karya shi. Ya so abin da zai kore mota daga kan ɗanyen fenti, wanda in an taka shi ba zai lalata motar ba. Aikinta ke nan, kuma tana yinsa. Roba magana take yi da direban da ke kallo. Wanda barci ya ɗauke, ko birkinsa ya tsinke, ko idonsa na kan waya, zai bi ta kanta ko jin ta ba zai yi ba. Duk da haka a wurare da yawa ita kaɗai ce tsakanin jikin mutum da tan 40 na ƙarfe.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuyar da kai ya duba waya na daƙiƙa uku ya yi tafiyar kusan mita 67 a makance. Ko da idonsa na kan hanya, kafin ya gane abin da ya gani ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mita 33 ke nan, sannan motar ta ƙara jan kusan wani haka kafin ta tsaya, in kwalta a bushe take kuma birki na da kyau. Tirela mai kaya ko jiƙaƙƙen titi, sai abin ya ƙaru sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Mu ma masu ƙafa ne, bambancin kawai shi ne mai tsallaka titi daƙiƙa goma yake yi a kai, mu kuwa wuni muke yi.

Saboda haka roƙona na farko, wanda ya fi sauran nauyi, a raba mu da motoci da fili na gaske. Ba sabon ilimi nake kawo muku ba. Littafin ƙa'idojin alamun hanya na Amurka, MUTCD, da Babi na 8 na littafin alamun hanya na Birtaniya, duk sun shimfiɗa yadda ake tsara wurin aiki: a fara da allunan gargaɗi tun daga nesa, sai jerin robobi a karkace da ke zare motoci daga hannun da aka rufe sannu a hankali, sai wani fili da ake bari fayau babu mutum babu kaya, sannan wurin aikin kansa, sai inda ake mayar da motoci hannunsu. A ƙa'idar Amurka, rufe hannu mai faɗin mita 3.6 a hanyar da ake gudun kilomita 100 yana bukatar jerin da ya kai kusan mita 220. Ku kwatanta da abin da ake yi a wurare da yawa: roba biyar a taku ashirin, allo ɗaya a jingine da dutse. Direba na ganin allon yana ganin mutanen lokaci guda. Shi kuma filin da ake bari fayau, shi aka fi rainawa. Da an ga wuri babu komai sai a ajiye buhuna, ko motar injiniya, ko a zauna a huta. Alhali amfaninsa shi ne ya zama babu komai, domin motar da ta ƙwace ta samu inda za ta tsaya kafin ta iso gare mu. Idan kwana ko tudu ya ɓoye mu, sai a ja komai baya har inda direba zai gani tun bai shiga kwanar ba.

Aikinmu yana da wata wahala da ta bambanta shi da na masu gyaran gada ko haƙa magudana: mu tafiya muke yi. Wurin aikinmu na safe ba shi ne na azahar ba, ba za a iya kewaye mu da kankare ba. Maganin wannan shi ne motar kariya, babbar mota mai nauyi da ke bin bayanmu, ɗauke da allon kibiya mai walƙiya, a bayanta kuma an ɗaura wani akwatin ƙarfe da aka ƙera don ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo. In mota ta ƙwace, shi za ta daka. Yana ceton mu, sau da yawa yana ceton direban da ya yi kuskuren ma. Sai dai tana da ƙa'ida: a bar tazara tsakaninta da ma'aikata, domin idan aka buge ta za ta gangara gaba. Na san tana da tsada. Ku sa ta a takardar kwangila a matsayin abu mai zaman kansa da kuɗinsa, yadda kuke sa fenti, a kan kowace hanyar da ake gudu. Daga ranar ba wanda zai ci kwangila ta hanyar cire ta.

Sai mai gadi. A kowane ayari a samu mutum ɗaya wanda ba ya riƙe komai sai usur ko oba-oba, fuskarsa na kallon inda motoci ke fitowa, shi ne idon waɗanda suka sunkuya. Abin da ke kashe wannan tsari a aikace shi ne ganin mutum a tsaye "ba ya aikin komai". Sai a ce ya miƙo buhu, ya riƙe igiya, ya je ya ɗauko ruwa. Minti ɗayan nan da ya juya baya ya isa. A rubuta cewa ba a aiken mai gadi, kuma a riƙa canza shi, don ido na gajiya da kallon motoci. Tun da safe kowa ya san ƙarar da ke nufin a gudu, ya kuma san ta wane gefe zai yi tsalle.

Allon rage gudu da babu mai tilasta shi, direbobi na gane shi cikin kwana biyu. Motar jami'an hanya guda ɗaya da fitilarta a kunne a farkon wurin aiki ta fi allo goma. Wannan a hannunku yake, ɗan kwangila ba shi da ikon tsayar da kowa. A ranar 22 ga Maris 2023, a babbar hanyar da ta kewaye birnin Baltimore na Amurka, motoci biyu masu gudun da ya haura mil 100 (kilomita 160) a awa suka gogi juna, ɗaya ta shige ta wata kafa da aka bari a shingen kankare, ta kashe ma'aikatan hanya shida nan take. Wurin da ke da kankare ke nan. Ina ga mu da muke da roba?

Akwai lokuta biyu da gabana ya fi faɗuwa, kuma ba lokacin fentin ba ne: sa'ad da ake jera robobi da sa'ad da ake kwashe su. Da safe mai jerawa yana shiga titin da ba a riga an tare ba. Da yamma kowa ya gaji, hankali ya koma gida, sai ka ga yaro ya ruga tsakiyar hanya don ɗauko roba ɗaya da iska ta kayar. Ƙa'ida ita ce a fara kafa allon da ya fi nisa, a bi yadda motoci ke tafiya, in an tashi kwashewa a faro daga ƙarshe a dawo baya, allon gargaɗi shi ne na ƙarshen sauka, motar kariya kuma na rufe da mai kwashewa. Wannan yana cin lokaci, wani zubin awa guda a kowane gefe na yini. Idan jadawalinku ya ƙirga awannin fenti kawai, to daga nan za a sato lokacin.

Da yawanku kun koma ba da aikin dare don kauce wa cunkoso, kuma na fahimci dalili. Motoci sun ragu, gaskiya ne. Amma waɗanda suka rage sun fi gudu, cikinsu akwai mai gyangyaɗi da wanda ya sha abin da ya sha. In za a yi aikin dare, a ba mu fitilun da za su haska wurin ba tare da sun kashe wa direba ido ba, da riga da wando masu ƙyalli na aji na uku a ma'aunin ISO 20471, wanda shi ne mafi girma. A kuma riƙa sauya su. Rigar mai fenti ba ta daɗewa: feshi da ƙura da hayaƙi na rufe ƙyallin, bayan 'yan watanni sai ta zama riga kawai. Ma'aikacin da ya yi dare kuma kada a tashe shi aikin rana.

Ba motocin waje kaɗai ke cin mu ba. Motarmu ta aiki idan tana ja da baya, direbanta ba ya ganin wanda ya tsuguna yana gyara bakin injin; kada ta motsa sai da mai nuna mata hanya. Fentin da ake narkawa yana kaiwa wajen digiri 200 a ma'aunin Selsiyos. Ɗan ruwa kaɗan in ya shiga tukunya sai ta yi tofi, in zafi ya wuce kima kuma tana iya kamawa da wuta, ga tukwanen gas a gefe. Na ga abin da ɗigo ɗaya ke yi wa bayan hannu: yana mannewa ne ya ci gaba da cin fata. Abin yi shi ne a sa wurin a ruwa mai sanyi na minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne, a tafi asibiti. Ayari nawa ne ke fita da ruwan da zai isa haka, da abin kashe gobara mai aiki, da safar hannu mai jure zafi, da abin rufe fuska ga mai juya tukunya? Ƙwayoyin gilashin da suka zube a kwalta kuwa santsi gare su, ga mu ga masu babur, dole a share. Sannan tsohon fenti ruwan ɗorawa, wanda aka daɗe ana haɗawa da sinadarin dalma: idan aka sa mu kankare shi da inji, ƙurar na shiga huhu, tana bin tufafi har gida wurin yara. A gwada tsohon layi kafin a ce a kankare, a ba da takunkumin da ya dace, kuma ku daina karɓar sabon fenti mai dalma a kwangilolinku.

Ba zan ɓoye laifinmu ba. Sabo na sa mu raina titi. Wanda ya shekara goma mota ba ta taɓa shi ba yakan fara jin kamar ya san halin kowace mota, ya cire kwalkwali saboda zafi, ya amsa waya a kan layi, ya tsallaka ba tare da ya duba ba. Wannan gyaran namu ne, mu shugabannin ayari, kuma ina yinsa kowace safiya kafin a kunna wuta. Amma horon da ake ba sabon ma'aikaci ya kamata ya zama sharaɗi daga gare ku. Yawancinmu a kan titi muka koya, da kallon na gaba, har da kurakuransa. Yaron da aka ɗauka jiya bai kamata a ba shi jeran roba yau ba, alhali shi ake fara ba wa, don ana ganin aikin ba ya bukatar gwaninta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda da ina da shi shekara shida da suka wuce, da wataƙila yaron nan na tafiya daidai. Ku ba shugaban ayari ikon dakatar da aiki a rubuce, idan kayan kariya ba su cika ba, ko hazo ya sauko, ko gudun motoci ya fi ƙarfin tsarin da aka yi, ba tare da an yanke wa kamfani tara ko an hana leburori kuɗin ranar ba. Muddin tsayawa na nufin yara su koma gida hannu wofi, su da kansu za su roƙe ni a ci gaba. Ku kuma buɗe rajistar abin da ya kusa faruwa: robar da aka take, madubin da ya goge kafaɗa, motar da ta tsaya taku biyu daga injin. A ayarina kaɗai, da wuya mako ya wuce ba a samu ɗaya ba, kuma ba a taɓa tambayata ba. Waɗannan su ne za su nuna muku wace hanya ce ke bukatar a rufe ta gaba ɗaya, wace awa ce ba ta aiki ba ce.

Ina gayyatar duk wanda ke sa hannu a kan waɗannan takardu ya zo ya same mu rana ɗaya. Zan ba shi riga da kwalkwali, in tsayar da shi a bayan motar kariya in akwai, ya yi minti goma a kan layin tsakiya yana kallon ƙasa kamar yadda mai inji ke yi. Bayan nan mu zauna a gefen hanya da takardar kwangilar, mu karanta jimlar nan ɗaya tare.

Allah ya ba ku ikon dubawa.

Naku,
Shugaban wani ayarin masu fentin titi